RA'AYI: Ƙuri'ar Masu Gida Da Kuɗin Babban Gyara, Daga Surfside Zuwa Benayen Garki

Bayan ƙarfe ɗaya na daren 24 ga Yuni, 2021, wani ɓangare na benen Champlain Towers South mai hawa 12 ya rufta a garin Surfside, a gaɓar teku kusa da Miami, cikin jihar Florida ta Amurka. Mutum 98 suka rasu, da yawansu suna barci. An kammala benen a 1981, yana da fulat 136, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Irin ginin nan ne da Amurkawa ke kira kondominiyam: kowa ya mallaki fulat ɗinsa, amma rufi da ginshiƙai da matakala da bututun ruwa da wurin ajiye motoci na haɗaka ne. Masu gidajen suna da ƙungiya, ƙungiyar tana da kwamitin da suke zaɓa, kuma idan babban gyara ya taso, a kansu ake raba kuɗin.

Tun a Oktoba 2018 injiniyan da ƙungiyar ta ɗauko ya rubuta cewa ruwa yana ratsa kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninkaya, ya yi masa mummunar illa, kuma ginshiƙan garejin ƙasa sun tsattsage. An ƙiyasta gyaran a kan dala miliyan 9 da 'yan kai. Daga nan aka shiga zaman taro da ja-in-ja a kan kuɗi da girman aikin, har mutum biyar daga cikin 'yan kwamitin bakwai suka ajiye muƙamansu a 2019. Abin da ke asusun ajiyar ƙungiyar bai kai dala miliyan ɗaya ba. Sai a Afrilu 2021 aka tsayar da kuɗin gyara na musamman, dala miliyan 15, aka yanka wa mai ƙaramin fulat kimanin dala 80,000, mai babba kuma sama da dala 300,000. An fara aikin rufi, ba a kai ga kankaren ƙasa ba. A farkon Yuli ya kamata a fara biya, benen ya faɗi saura mako guda.

Adalci ne a faɗi cewa jinkirin gyara ba shi kaɗai ba ne laifi. Hukumar NIST ta gwamnatin Amurka, wadda ta gudanar da bincike, ta gano cewa tun daga zane da gini aka bar rauni a farfajiyar. To amma rauni irin wannan gyara ne maganinsa, gyaran kuma ya maƙale a wurin kuɗi kusan shekara uku. Dokar Florida ta wancan lokacin ta wajabta wa kowace ƙungiya ta riƙa ware kuɗin ajiya domin manyan gyare-gyare, sai dai ta bar ƙofa guda a buɗe: masu gida na iya kaɗa ƙuri'a kowace shekara, da rinjaye mai sauƙi, su rage wannan ajiya ko su yafe ta baki ɗaya. Ƙungiyoyi da dama a jihar sun yi ta bin wannan ƙofa shekara da shekaru, domin babu wanda ke son kuɗin wata ya ƙaru.

A Mayu 2022 majalisar dokokin Florida ta rufe ƙofar. Sabuwar dokar, wadda Gwamna Ron DeSantis ya sa wa hannu, ta ce duk bene mai hawa uku zuwa sama sai injiniya ya duba lafiyarsa idan ya cika shekara 30, sannan a maimaita duk bayan shekara 10. Ta wajabta a ƙididdige abin da rufi da ginshiƙai da tushen gini da bututu da wayoyin lantarki za su ci nan gaba, ta kuma ƙwace wa masu gida ikon yafe ajiyar waɗannan abubuwa daga ƙarshen 2024. Abin ya zo da zafi. 'Yan fansho da suka shekara ashirin suna biyan kuɗi kaɗan sun wayi gari da takardun neman dubban daloli, wasu sun sa gidajensu a kasuwa, har majalisar ta sake zama a 2025 ta sassauta wa'adi, ta ba da damar cin bashi domin cike asusun. Duk da haka ba ta mayar wa masu gida ikon cewa ba za a tara ba.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke Abuja na iya ganin wannan labarin attajiran bakin teku ne. Gara ya dubi benen da yake kwana a ciki. Bayan gwamnatin Olusegun Obasanjo ta mayar da alawus-alawus na ma'aikata zuwa kuɗi a 2003, an fara sayar da gidajen gwamnati na Babban Birnin Tarayya a 2005, lokacin Nasir El-Rufa'i yana minista, aka kuma ba ma'aikatan da ke zaune a ciki damar farko. Ta haka dubban ma'aikata suka mallaki fulat a benayen Garki da Wuse da sauran unguwanni. Yawancin benayen Garki an gina su ne a shekarun 1980, wato tsaran benen Surfside ne. Kafin sayarwar, idan rufi ya yi yoyo sai a rubuta wa ofishin gyare-gyare na gwamnati a jira. Bayan sayarwar kowa ya karɓi takardar fulat ɗinsa, amma rufi da matakala da sokawe suka zama marayu. Haka lamarin yake a sababbin rukunonin gidajen da ake saye da lamunin Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, inda ma'aikaci ke zuba kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa a Asusun Gidaje na Ƙasa tun daga dokar 1992. Ma'aikaci na shekara da shekaru yana lissafin yadda zai mallaki fulat, amma da wuya a nuna masa takardar da ta ce wa zai biya ranar da dekin ya tsage.

A ɗauki misalin bene mai hawa uku da fulat 12. Ruwa ya fara ratsa dekin sama, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, filasta tana ɓantarowa a kan matakala. An kira taro ranar Asabar. Masu fulat huɗu na sama suna son a yi aiki gobe, domin su ne ke tara bokiti a falo duk damina. Masu fulat na ƙasa suna cewa ba su ga dalilin biyan rufin da ba ya zubo musu ba, sun manta cewa ranar da sokawe ya cika ya tumbatsa, su ne suka nemi na sama su kawo agaji. Uku daga cikin masu gidajen sun yi ritaya sun koma jihohinsu, sun zuba 'yan haya, ba sa ɗaga waya sai ranar karɓar kuɗi. Akwai matar da mijinta ya rasu ya bar mata fulat da marayu, fanshonsa ne abincinsu. Akwai wanda yake shirin sayarwa baɗi, ba ya son zuba sisi a abin da wani zai mora. Idan aka ce sai kowa ya yarda, ba za a taɓa yi ba. Idan aka ce rinjaye, masu cewa a bari sai bayan damina su ne ke yin nasara, kuma damina ba ta ƙarewa.

Masu kare ƙuri'ar masu gida suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Kuɗin nasu ne, gidan nasu ne. Mutumin da ya yi shekara 35 yana aiki kafin ya mallaki ɗaki uku ba zai yarda wasu mutum biyar su zauna su yanka masa miliyoyi ba tare da an tambaye shi ba. Kuma duk wanda ya zauna a rukunin gidaje ya san yadda wasu kwamitoci ke yi: ɗan kwangila ƙanin shugaba ne, farashi ya ninka na kasuwa, rasit ya ɓace, wa'adin shugabanci ya ƙare amma ba a kiran zaɓe. Wani lokacin ma ana laƙaba wa aikin ado sunan gyara, a sauya ƙofar shiga da ba ta lalace ba, a shafa fenti mai tsada, a ce dole kowa ya biya. Ƙuri'a ita ce linzamin da ke hana irin wannan kwamiti sukuwa da dukiyar mutane. Duk tsarin da ya cire ta gaba ɗaya ya buɗe wa ɓarayin zaune hanya.

Sai dai ƙuri'a tana da iyakar da ba ta iya ƙetarewa. Rodin da ya fara tsatsa ba ya jiran sakamakon taro, kuma kankaren da ruwa ya ratsa bana ya fi na bara lalacewa. Aikin da aka ƙiyasta dala miliyan 9 a Surfside ya haura miliyan 15 cikin shekara biyu da rabi. A Najeriya hauhawar farashi ta fi haka gudu: buhun simintin da ake saye ƙasa da Naira 5,000 a farkon 2023 ya haura Naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Wanda ya kaɗa ƙuri'ar jinkiri yana ganin ya tsira da kuɗinsa, alhali bashi ya ci da ruwa mai tsada. Hausawa sun ce kowa ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa.

Abu na biyu ya fi nauyi. Waɗanda ginin zai faɗo a kansu sun fi waɗanda ke da ƙuri'a yawa. Ɗan haya ba ya zaɓe, yaran da ke wasa a ƙarƙashin matakala ba sa zaɓe, mai gadi da mai aikin gida da baƙon da ya kwana ba sa zaɓe, haka wanda zai sayi fulat ɗin nan da shekara biyar bai san an taɓa yin taro ba. Mai gidan da ke zaune a wata jiha yana iya cewa a'a cikin kwanciyar hankali, domin ba a ƙarƙashin dekin yake kwana ba. Rinjaye na da ikon yanke hukunci a kan abin da ya shafi masu rinjayen, amma ba shi da ikon sa ran wani a caca.

Wannan ba sabon tunani ba ne a ƙasar Hausa. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda aka rubuta sama da shekara dubu da suka wuce kuma har yau ake karanta ta a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, ta yi hukunci a kan gidan da ƙasansa na wani ne, samansa na wani. Ta ɗora gyaran ƙasan a kan mai shi, idan kuma ya ƙi, a tilasta masa ko dai ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Muktasar na Halil ya faɗaɗa hukuncin zuwa ga abokin tarayya a duk dukiyar da ba ta rabuwa. Malaman Malikiyya sun ba mai dukiya zaɓi, amma ba su sa ƙin gyara cikin zaɓin ba. Ba lallai a kai ga sayar wa kowa gida a yau ba, ƙa'idar dai ita ce abin ɗauka.

Dokokin zamani da suka yi nasara kan wannan turba suka bi, suka raba abin da ake zaɓe a kansa da abin da ba a yi. A jihar Kalifoniya, kwamiti ba shi da ikon ƙara kuɗin wata fiye da kashi 20 cikin ɗari, ko yanka kuɗin musamman da ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kasafin shekara, sai da amincewar masu gida. Amma idan akwai barazana ga lafiyar mutane ko umarnin kotu, ba a jiran ƙuri'a. Afirka ta Kudu ta fi kusa da yanayin Najeriya. Dokarta ta 2011, wadda ta fara aiki a Oktoba 2016, ta wajabta wa kowace ƙungiyar masu fulat asusu biyu, na hidimar yau da kullum da na ajiya, tare da rubutaccen shirin gyare-gyare na shekara 10. Ana raba kuɗi gwargwadon faɗin fulat. Amintattun ƙungiya na iya yanka kuɗin musamman idan gyaran da ba zai jira ba ya taso, amma aikin ƙawa da ba dole ba sai kowa da kowa ya amince. An kuma kafa ofishin sasanta rikicin rukunonin gidaje, domin kada mai fulat ɗaya ya kashe abin da ya fi kuɗin gyaran a kotu. Kenya ma ta yi sabuwar dokar irin waɗannan gidaje a 2020.

Abin da ya dace da benayen Abuja shi ne a kasa ayyuka kashi uku. Kashi na farko shi ne duk abin da injiniya mai rajista da hukumar COREN ya rubuta cewa yana barazana ga rai: tushen gini, ginshiƙai, dekin, rufi, matakala, wayoyin lantarki na haɗaka. A nan babu ƙuri'ar a yi ko kada a yi. Idan masu gida suna shakkar rahoton, kashi ɗaya cikin huɗu nasu na iya neman a kawo injiniya na biyu cikin wata guda, abin da ya tabbatar kuma shi ke nan. Kashi na biyu shi ne gyaran da ya zama dole amma zai iya jiran wata shida, kamar sauya tankin ruwa ko sabunta sokawe ko famfon burtsatse. Wannan rinjaye mai sauƙi ya isa. Kashi na uku shi ne ado da ƙari, wanda bai kamata a ɗora wa kowa ba sai da amincewar aƙalla kashi uku cikin huɗu.

Ko a kashi na farkon ma, ƙuri'a tana da babban aiki. Masu gida su ne za su zaɓi ɗan kwangila daga cikin tayi uku da aka buɗe a gabansu, su tsayar da ko biya ɗaya za a yi ko kashi-kashi, su zaɓi mutum biyu ko uku da za su riƙa sa hannu a asusun banki, su ɗauko mai binciken kuɗi daga waje, su kuma tsige kwamitin da ya gaza kawo lissafi. Ɗan kwamitin da ke da dangantaka da ɗan kwangila ya bayyana, ya fita daga zauren. Wanda ke nesa a ba shi damar wakilta wani a rubuce ko ya shiga taro ta waya, idan kuma an sanar da shi sau biyu bai zo ba, rashin zuwansa kada ya tsayar da komai. 'Yan haya su sami damar ganin rahoton injiniya ko da ba su da ƙuri'a.

Babbar kariya ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce tarin yau da gobe, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A koma misalin benen nan mai fulat 12. Idan gyaran rufi zai ci Naira miliyan 24, kowa miliyan 2 ke nan a lokaci guda, abin da ma'aikaci mai matsakaicin matsayi ba zai iya fitarwa ba sai da bashi. Da a ce an raba wannan a shekara 10, bai kai Naira 17,000 a wata ba. Wani zai ce hauhawar farashi za ta cinye ajiyar kafin ranar, kuma yana da gaskiya idan aka bar kuɗin kwance a asusu. Amma akwai takardun lamunin gwamnati, akwai Sukuk da gwamnatin tarayya ke fitarwa tun 2017 ga masu gudun kuɗin ruwa, kuma ana iya sabunta ƙiyasin kowace shekara a riƙa yin aikin gaɓa-gaɓa. Ajiyar da ta rage daraja ta fi asusun da babu komai a cikinsa. Matar da ke riƙe da marayu kuwa, a tsawaita mata wa'adi, ko a rubuta bashin a kan fulat ɗin a cire ranar da aka sayar ko aka raba gado. Tausayi ya tsaya a kan yadda za ta biya, kada ya zama dalilin barin dekin a kan 'ya'yanta.

Duk wannan yana bukatar doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 an yi ta ne da tunanin fili da mai shi, ba ta tsara yadda mutum 12 za su yanke shawara a kan rufi ɗaya ba. Abin da ƙungiyoyi ke dogaro da shi shi ne takardar ciniki da kundin da suka yi wa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, idan ma sun yi, kuma wanda ya sayi fulat daga baya yakan ce shi bai sa hannu a kan komai ba. Sashe na 299 na tsarin mulki ya ba Majalisar Tarayya ikon yi wa Babban Birnin Tarayya dokoki, saboda haka babu wata majalisar jiha da za a jira. Dokar da ake bukata gajera ce: duk wanda ya mallaki fulat ya zama ɗan ƙungiya kai-tsaye, a wajabta asusun ajiya da duba lafiyar benen da ya wuce shekara 30, a fayyace waɗanne ayyuka ake zaɓe a kansu, bashin gyara ya bi fulat zuwa hannun mai saye, sannan a kafa wurin sasanci mai sauƙin kuɗi. Hadiman da ke rubuta ƙudurori a majalisa da jami'an da ke tsara takardu a Hukumar Babban Birnin Tarayya, da yawansu a irin waɗannan benaye suke kwana, ko iyayensu.

Kafin doka ta zo, babu abin da ya hana kowace ƙungiya ta fara. Taron Asabar mai zuwa na iya yanke abu uku: a ɗauko injiniya ya duba benen kafin damina, a buɗe asusun ajiya na daban da na kuɗin mai gadi da kwasar shara, a kuma rubuta a kundin ƙungiya wane aiki ake zaɓe a kansa da wanda ba a yi. Ya fi sauƙi a amince da ƙa'ida yau, tun ba a san wanda za ta fara ciza ba, da a tsaya neman yarjejeniya ranar da takardar miliyoyi ke kan tebur. Mazauna Surfside suna da rahoton injiniya a hannu tun 2018, lokaci ne ya ƙure musu. Yawancin benayen Garki da Wuse ko rahoton ba su da shi.